Inda Baffa Ya Shimfiɗa Buzunsa

Malumfashi,
tsakiyar watan Ƙaramar Sallah, 1979.

Zuwa ga ɗana Mudi, a reluwe, Fatakwal.

Gaisuwa mai yawa daga baffanka Maitama, da fatan kana lafiya kai da abokan zamanka. Mu nan lafiya lau in ka cire ƙafata. Kurkunu ne ya fito mini a idon sawu tun kafin Sallah. Kullum ina nannaɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan, ni ba na gaggawa, shi ma ba ya yi. Dawa ta yi kyau har tana shanye mutum a tsaye, auduga kuma ta fara fure.

Takardarka ta iso. Kafin in amsa abin da ka tambaya, bari in ba ka wani labari. Shekarun baya, ina awon auduga a kasuwar Kafur, wani dillali mai baki kamar gidan rediyo ya zauna kan buhu yana rantsuwa wai a wani gida a ƙasar Malumfashi kunya ta kashe wata mata. Ba maciji ba, ba haihuwa ba, kunya. Na tambaye shi a wace gaɓa kunyar ta cije ta. Aka tuntsire da dariya, ya tashi yana huci. Tun ranar nan na san kasuwa ba ta rasa abin faɗa. Maganar da Ummaru mai shanu ya kai maka, a buhu ɗaya na sa ta da ta dillalin nan, na ɗaure baki.

Ka ce ya gaya maka ana ganin matarka Shafa'atu tana fita ta katangar baya da magariba. To, katanga kam ta ɓarke. Ruwan da aka yi bayan Sallah ya kayar da zaure gaba ɗaya, ya kuma ci gefen katangar baya wajen gonar dawa. Magina sun ce sai ruwa ya ɗauke. Shi ya sa na kwashe buzuna na dawo cikin gida, gindin mangwaron nan da kakanka ya shuka. Nan nake wuni ina tufkar igiyar rama, nan nake salla a zaune, nan tsofaffin unguwa ke samuna, waɗanda shekaru suka ba su izinin shiga, mu yi ta hira har a kira isha'i. Wurin ba laifi. Ƙofar makewayi ce dai ke kallona, amma ga mai ƙafa ɗaya wannan ma alheri ne. Duk wanda ya motsa a gidan nan a kan idona yake.

Yarinyar nan kuwa, in ba don ina jin dakanta ba sai in ce ba ta gidan. Ba ta taɓa ratsawa ta gabana ba. In ta gama tuwo, matata Inno take miƙa wa ta kawo mini. In za ta gaishe ni, daga bayan asabari take durƙusawa, sai na kasa kunne nake jin muryar. Inno ta ce tun mahaifiyarka Rabi, Allah ya jiƙanta, ba a kawo mai kunya irinta gidan nan ba. Ta faɗi haka ta tashi ta bar wurin, ka san tsofaffin mata in sun tuna matattu.

Ɗan zazzaɓi ya taɓa ta makon jiya, irin na damina. Inno ta dafa mata tazargade ta yi surace.

Ka riƙe aikinka, ka daina sayen labari wurin masu shanu. Inno na gaishe ka. Wassalam.

Baffanka,
Maitama.


Fatakwal,
26 ga Satumba, 1979.

Zuwa ga Baffa,

Bayan gaisuwa cikin ladabi, ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. A gaida Inno. Ni lafiya lau, sai ruwan garin nan da ba ya ɗaukewa. Har yanzu ba a ba ni ɗaki a gidajen ma'aikata ba, shi ya sa ban aiko a kawo iyali ba.

Baffa, takardarka ta kwantar mini da hankali a karatun farko, da na maimaita sai ta tayar da shi. Ka ce kowa a kan idonka yake, ka kuma ce ba ka ganinta. Wanda ba a gani, ta yaya aka san yana nan? In na fahimta, ɓarakar nan a bayan rumbu take, daf da ɗakinta, kuma daga gindin mangwaro ba a hango ta.

Ummaru ya sake kawo shanu. Wannan karon ba ji ya yi ba, ya ce da idonsa ya gani, ranar da ya je duba gonarsu da ke jikin tamu. Ta fito cikin dawa a lulluɓe, tana waige-waige, tana sauri kamar ana binta, ta nufi layin 'yan kudu ta shiga gidan Jimoh mai sayar da kwanuka. Ba ta daɗe ba ta fito. Ya tambayi masu tsaron tsuntsu suka ce kullum ne. Baffa, ka san gidan nan na haya ne, teloli da direbobi gwagware sun cika shi. Me matar aure take nema a can?

Ban yanke komai ba. Roƙona a toshe ɓarakar ko da ƙaya ce, ba sai an jira magina ba. A kuma tambayi Inno wane irin zazzaɓi ne wannan.

Ɗanka,
Mudi.


Malumfashi,
tsakiyar Zulƙida.

Ɗana Mudi,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan alheri. Kurkunu ya fito da rabi, rabin yana shawara. Inno lafiya. An fara karyar gero a gonakin tudu.

Na ga reluwe ta koya maka karatu irin na alƙalai. Ka kama ni, ba musu. Na ja ƙafata da sanda na zagaya bayan rumbu, abin da ban yi ba tun da katangar ta faɗi. Mudi, akwai hanya. Siririya ce, ta ratsa cikin dawa, ƙasarta ta daddale, ba ta kwana ɗaya ba ce. Sawun ƙarami ne, na mace, zuwa da dawowa. Buhun nan da na ɗaure maganar Ummaru a ciki, na kwance bakinsa. Ranar na sa 'yan ƙwadago suka saro ƙayar magarya suka cusa a ɓarakar har sama, yanzu ko kaza ba ta wucewa.

Zancen zazzaɓi kuwa, da na matsa wa Inno sai na ga ba na damina ba ne. Ta ce yakan zo wa matarka da rawar ɗari har gadon ya riƙa amsawa, ga jikin kamar garwashi, can sai gumi ya karyo ya sake ta, gobe ya dawo. Akwai ciwo a kwiɓinta na dama, can baya ƙasan haƙarƙari, yana saukowa har mara. Ko ɗaurin zani ba ta so a wurin, in za ta tashi daga turmi sai ta dafe. Sauran kuwa da ƙyar na zaro shi daga bakin Inno, tana kallon bango: wai in ta zo fitsari zafi take ji kamar barkono, ga shi ɗan kaɗan, ga wari. Ban so rubuta maka wannan ba, amma kai ne mijin.

Akwai kuma wani abu. Inno na gyara mata shimfiɗa ta tsinci kafso ja da rawaya a ƙunshe cikin takarda. Da aka tambaye ta sai ta ce Sekinat, matar Jimoh, ta karɓo mata wurin Marcellinus mai kemis. To ka ga gidan Jimoh ya sake fitowa.

Na ja jiki har ƙofar ɗakin Shafa'atu, na tsaya daga waje na ce ta gaya mini inda take zuwa da magariba, ni ubanta ne, ba mai ji. Na daɗe a tsaye kan ƙafa ɗaya. Abin da na samu shi ne shessheƙa, da kalma uku: "Ba ko'ina, Baba." Wanda ba shi da abin ɓoyewa ai ba ya amsa haka.

Ita Innar taka ma na fara yi mata kallon gefe. Tun da aka sa ƙayar ta hana ni sakat, wai in kwashe buzuna in koma waje inuwar maƙwabta. Yau ta ce tururuwa ta yi yawa a gindin mangwaro, gobe ta ce reshe zai faɗo mini a ka. Shekara nawa mangwaron nan bai faɗo wa kowa ba sai yanzu? Na gane so ake a kau da mai gadi. Na ce ba inda za ni. Yanzu ma na ƙara himma, tun asuba nake zama ba na tashi sai bayan isha'i, idona a kan asabarin matarka.

Ita kuma ta shiga fushi da abinci saboda ƙayar. Inno ta ce randar ɗakinta ba ta raguwa, ko kunun safe ba ta kurɓa. Na ce a bar ta, yunwa da ƙishirwa za su yi mana magana da ita.

Kada ka yi gaggawa. Ina nan ina kallo.

Baffanka,
Maitama.


Fatakwal,
15 ga Oktoba, 1979.

Baffa,

Gaisuwa da fatan sauƙi. A gaida Inno, duk da ban san ɓangaren da take ba yanzu.

Na karanta. Ban iya cin abinci ba ranar. Baffa, kafso ja da rawaya ba na zazzaɓi ba ne. Shi ne wanda maza ke saye a ɓoye in sun kwaso ciwon sanyi a gidajen banza, kuma alamarsa ke nan, zafi wurin fitsari. Rabona da gida tun bazara, ni kuwa lafiyata ƙalau. To a ina ta samo? Ga hanya cikin dawa, ga gidan gwagware, ga magani a ɓoye, ga wadda ke karɓo mata. Me ya rage?

Na nemi izinin zuwa an hana ni, wai sai bayan Sallah saboda jigilar raguna. Ba zan iya jira ina juyi a kan tabarma ana yi mini dariya a kasuwar shanu ba. Kai ka rene ni tun ina goye, kai ka nema mini auren nan, don haka kai na wakilta. In ka tabbatar da abin da muke zato, ka ba ta saki ɗaya da sunana, a mayar da ita Bakori gidan ubanta kafin Babbar Sallah. Wannan takardar ita ce shaida. Ba na son a yi tonon asiri, a dai ce zama ya ƙi.

Takardunka na daɗewa a hanya. Ka ba wani mai shiga jirgi a Funtua, ya fi gidan waya sauri.

Ɗanka,
Mudi.


Malumfashi,
farkon watan Babbar Sallah.

Mudi,

Gaisuwar yau gajera ce. Takardarka ta same ni a kan benci a barandar asibiti, can aka biyo ni da ita. Matarka na kwance a ciki, an ɗaura mata ƙarin ruwa.

Ga yadda aka yi. Bayan sa ƙayar nan jikinta ya yi ta yin baya, ni ina cewa fushi ne. Ran Talata wajen la'asar muna zaune da tsofaffi sai na ji kwano ya faɗi a ɗakinta, Inno ta ƙwala mini kira da sunan da ba ta taɓa kirana da shi a gaban mutane ba. Na manta da kurkunu. Na same ta a ƙasa ta dunƙule kamar jariri, haƙora na haɗuwa, ta yi amai har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci. Tana magana amma ba da mu take ba. Tabarmar a jiƙe, da jirwayen jini, Inno na ƙoƙarin rufewa da zani. Da aka sa hannu a bayanta za a ɗaga ta, ta yi wata ƙara da ta kai layin 'yan kudu. Ranar na fara jin muryar Shafa'atu sosai tun da aka kawo ta gidan nan.

Ƙarar ce ta kawo Sekinat, ko sallama babu. Akori-kurar Jimoh ce ta kai mu asibiti. Na lura da wannan, kai ma na san za ka lura.

Wata nas ce ta karɓe ta, Ebele, iyayenta 'yan kudu ne amma haifaffiyar Funtua ce, Hausarta ta fi taka. Ta dunƙule hannu ta ɗan bubbuga bayan a hankali, hagu shiru, dama kuwa yarinya ta zabura kamar an soka mata mashi. Aka ɗebi fitsari aka kai awo, likita ya duba ya ce ƙoda ce. Cuta ce ta fara a mafitsara, ba a kashe ta ba, ta hau sama. Ya ce da an ƙara kwana sai ta shiga jini. Kafson nan ya ɗan danne ta ne kawai, don ba a sha yadda ya kamata ba. Yanzu allura ake yi mata safe da yamma.

Nas ɗin ba ta raga mini ba. Ta ce, "Baba, rijiyar gidanku ƙafewa ta yi? Jikin yarinyar nan a bushe yake kamar kilishi." Na haɗiye wannan. Sannan na sunkuyar da kai, da furfurata da komai, na yi mata tambayar da ka sa a bakina, ko irin ciwon da ake ɗauka wurin namiji ne. Ta dube ni har na ji kunya. Ta ce awo bai nuna haka ba, kuma wannan ciwon ya sha kama matan da ba su taɓa leƙa ƙofar gida ba, musamman mai riƙe fitsari wuni guda, ba ta kuma shan ruwa. Na ce wannan kam ba a gidana ba. Me zai sa mutum ya riƙe, ga makewayi a tsakar gida? Ni shaida ne ba wanda ya sa masa kwaɗo, a gabansa nake wuni.

Saboda haka zancen ciwon banza ka ajiye shi. Ni kuma ina da tawa tambayar, tunda lokacin tuhuma ne: ɗan da na rena, wanda ya bar gida bai san kafso daga ƙwayar gero ba, a ina ya koyi launinsa da aikinsa haka tiryan-tiryan? Ka amsa mini a nutse.

Amma ba zan ɓoye maka ba, awon likita bai share hanyar cikin dawa ba. Sekinat kullum tana nan da kwanon farfesu, su yi ta ƙus-ƙus da Inno, in na matso su yi shiru. Na gaishe ta ta amsa da hanci. Matar da ke karɓo wa surukata magani a ɓoye, ita ke fushi da ni.

Wakilcinka na aljihuna. Ba a sakin mace da allura a hannunta. In ta tashi, zan san abin yi.

Baffanka,
Maitama.


Fatakwal,
3 ga Nuwamba, 1979.

Baffa,

Barka da Sallah, in akwai barka. Tun takardar asibiti ban sake jin komai ba. Kullum ina tsaye in jirgin arewa ya shigo, ba mai miƙo mini ko ƙyalle. Tana da rai? In wani abu ya faru kada a ɓoye mini don ina nesa.

Kafso a hannun abokan aiki na gan shi, wallahi ba a nawa ba. Na san tambayar ta dace da ni.

Waccan takardar, kada a yi komai da ita tukuna. Na rubuta ta cikin zafi. Da na karanta inda ka ce ta dunƙule a ƙasa sai na tuna ranar da zan taho, ta biyo ni har bakin zaure, ta sa mini ƙullin dakuwa a aljihu. Amma Baffa, zuciyata ba za ta zauna ba sai na san me take yi a gidan Jimoh. In na bar tambayar nan a yau, za ta bi mu har tsufa.

Ɗanka,
Mudi.


Malumfashi,
bayan Babbar Sallah.

Zuwa ga ɗana Mudi,

Gaisuwa mai yawa da barka da Sallah. Tana da rai. Ta dawo gida, zazzaɓi ya sauka, kwiɓin ya saki sai ɗan nauyi in ta sunkuya. Ta rame, amma jiya na ji dakanta. Kurkunu ma ya gaji da ni ya fita. Shirun da ka ji ba na mutuwa ba ne, alƙalamin ne ya yi mini nauyi.

Ranar da aka sallamo ta, na riga su isowa gida na shimfiɗa buzuna a inda ka sani. Aka shigar da ita ɗaki. Sekinat ta fito za ta tafi, ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, ta zo ta tsaya a kaina, ba durƙuso ba komai. Ta ce ta yi wa yarinyar rantsuwa ba za ta faɗa ba, amma gara ta yi kaffara da ta yi zaman makoki.

Ta ce, "Baba, tambaya ɗaya. In surukarka ta ɗauki buta daga ɗakin can, ta ina za ta bi?"

Na dubi asabarin Shafa'atu. Na dubi ƙofar makewayi. Na bi tsakaninsu da ido, sai ga hanyar ta bi ta kan gefen buzuna, ta tsallake ƙafata mai kurkunu, ta ratsa inda tsofaffin nan ke miƙe sawu.

Ta ce, "Makewayina take zuwa. Tun da zaurenka ya faɗi. Ta wuni a matse, magariba ta yi ta zo a guje, ta fito ta koma. Ruwa ta daina sha don kada ya matsa mata. Ranar da ka sa ƙaya na ce wa Jimoh tsohon nan zai kashe 'yar mutane yana tufkar igiya."

Ta tafi ta bar ni da igiyar a hannu.

Kai ka san yadda muke. Suruka ba ta cin abinci a gaban uban miji, ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Mu muka koya musu, mu muke yabonsu a kai. To wadda ba ta iya tauna goro a gabana, ita ce za ta ɗauki buta ta tsallake ni, ta shiga, ina jin motsin ruwa, ta fito ta sake tsallake ni? Ni na rubuta maka da hannuna cewa ba ta taɓa ratsawa ta gabana ba, ina alfahari. Daga ni har kai mun karanta layin nan, ba wanda ya tambayi kansa to ta ina take zagayawa.

Na nannaɗe buzuna a take. Yanzu a kan ɓaraguzan zaure nake zama, an kafa mini rumfar zana, tsofaffi na ƙorafin rana. Na sa an haƙa sabon makewayi bayan ɗakunan mata, ƙofarsa na kallon katanga. Ƙayar ma an kwashe, magina sun fara kwaɓa ƙasa. Nas ta ce ta sha ruwa har ya gundure ta, ta kuma shanye maganin ko ta ji sauƙi, Inno ke tsaye a kanta da moɗa kamar ɗan doka. Ni kuwa in zan shiga gidana sai na yi ta sallama da gyaran murya kamar mai neman bashin gishiri.

Na yi wa Inno faɗa, na ce tana gani ta bar ni da zancen tururuwa da reshe. Ta ce, "Malam, da wane baki zan ce maka ka tashi surukarka za ta kewaya?"

Sai wakilcinka. Sharaɗinka shi ne in na tabbatar da abin da muke zato. Na tabbatar da inda take zuwa, da abin da ke kai ta, ba kuwa shi muka zata ba, saboda haka ba abin da ya hau kanta. Ga takardar nan na mayar maka a cikin ambulan ɗin nan, ka ƙona ta da hannunka. Shafa'atu ba ta san an rubuta ta ba, ba kuma za ta ji daga bakina ba. Ummaru ma na kira shi na ce idonsa ya gani daidai, kansa ne ya yi irin namu. In ka samu izini ka taho da turmin atamfa mai kyau na Sekinat, ka kuma matsa a ba ka ɗakin nan ka ɗauke matarka. Ka duba inda makewayin yake kafin ka karɓa.

Allah ya yi maka albarka. Wassalam.

Baffanka,
Maitama.

Na rufe takardar na sake buɗewa, don akwai abin da ya zama haƙƙinka.

Ka tuna labarin dillalin Kafur da na fara maka da shi. Jiya ya sake zuwa mini, wannan karon da sunaye. Wata shekara da kaka, kakanka ya faɗo daga kan jaki ya karye a cinya. Aka shimfiɗa masa a gindin mangwaron nan, lokacin bai fi inuwar mutum uku ba, ya yi ta jinya har rani. Ni da ubanka muna can kasuwannin auduga. A gidan akwai wata suruka mai goyo, wadda ba a taɓa jin muryarta ba. Katanga lafiya lau take, ba ɓaraka, ba Sekinat a maƙwabta, ba asibitin da za a kai mutum. Ta fara da zafin fitsari, sai kwiɓi, sai rawar ɗari. Ita ma an yi ƙus-ƙus a kanta, an ce a binciki inda ta samo. Da muka dawo aka ce mana zazzaɓi ne, muka karɓi gaisuwa. Kwana ya ƙare, wannan Allah ne masani. Amma masu wankan gawa sun ji dalili, daga nan zancen ya bi jakuna har Kafur, ya same ni a bakin sikeli, na tambayi a wace gaɓa kunyar ta cije ta.

A kwiɓi ne, Mudi, ƙasan haƙarƙari. Sunanta Rabi.

Wannan karon ba a kasuwa na ji ba. Wadda ta riƙe kan mahaifiyarka har ta cika, ta kwance ka daga bayanta ta ɗaura a nata, ita ta faɗa mini jiya da la'asar tana tsintar wake. Inno ce.